Calmont: Gonar Inabin da Ake Shiga da Tsani

Daga Abuja muka tashi da daddare, gari bai gama wayewa ba muka sauka a Frankfurt, tafiyar awa shida da 'yan mintuna. A farkon watan Oktoba na 2024 ne, niyyata in hau Calmont, wani dutse mai gonar inabi a bakin kogin Mosel a Jamus. Bizar Schengen ta ci Yuro 90, ban da inshorar lafiya wadda dole ta kai ta Yuro 30,000. Jami'in shige da fice tambaya uku ya yi mini: me ya kawo ni, ina zan kwana, yaushe zan koma. Na miƙa masa takardar masauki da tikitin komawa, ya buga hatimi. Gaba kaɗan akwai ƙofofin kwastam biyu, kore da ja. Mai niyyar zuwa ya sani tun daga gida cewa nama da madara ba sa shiga Tarayyar Turai daga waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a Kano. Ni ƙuli-ƙuli da dabino da garin yaji na ɗauko, ba wanda ya ce mini kanzil.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Koblenz, shi ya tarbe ni, kuma shi ya zama tafintana har muka rabu. Tashar jirgin ƙasa biyu ce a filin jirgin, nan ne baƙo ke fara ɓata. Ɗaya ta jirage masu gudu ce, ɗaya kuma, wadda ke ƙarƙashin ginin farko, ta jiragen yanki. Ta biyun muka nufa saboda tikitin da ke hannunmu, wato Deutschlandticket. A lokacin Yuro 49 ne na wata guda, a 2025 kuma ya koma 58. Da shi za ka hau duk jirgi da bas na yanki a faɗin Jamus, amma ban da jiragen dogon zango, ICE da IC. Tarkonsa biyu. Na farko, da kalanda yake aiki, daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa, ko da ran 25 ka saya. Na biyu, rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba za a cire maka kuɗin watan gaba kana zaune a gida. Mai duba tikiti yakan nemi fasfo ya gwada suna, wanda aka kama babu tikiti tararsa Yuro 60.

Daga nan zuwa Koblenz jirgin gefen kogin Rhine yake bi, ta Mainz da Bingen, wajen awa ɗaya da rabi, rabinta ina gyangyaɗi. A Koblenz ne kogin Mosel ke zuba cikin Rhine bayan ya yi tafiyar kilomita 544 daga duwatsun Vosges na Faransa, ya ratsa ta iyakar Luxembourg. Muka canza jirgi. A nan ma sai an kula: mai sauri, RE1, yana tsayawa a Cochem da Bullay amma yana wuce ƙauyen da za mu. Mai tsaye-tsaye, RB81, shi ke sauke mutum a Ediger-Eller, kusan awa guda daga Koblenz. Da barin Cochem jirgi ya faɗa cikin dutse, duhu ya rufe taga na 'yan mintuna. Ramin Kaiser Wilhelm ke nan, mita 4,205, an gama haƙa shi a 1877, ya shafe sama da shekara ɗari babu ramin jirgin ƙasa da ya kai shi tsawo a Jamus. Muna fitowa haske sai tasha. Ba ma'aikaci, ba mai talla, ba ɗan acaɓa. Dandamali ne kawai, da na'urar sayar da tikiti, da dutse a tsaye a bayanmu kamar katanga.

Mun sauka a gidan wasu manoman inabi a Eller, ɓangare ɗaya na Ediger-Eller, masu ɗakuna huɗu na baƙi a saman bene. Yuro 75 ɗakin mutum biyu a kwana, har da karin kumallo. Lokacin tsinkar inabi ne, ɗaki yana wuya, sai an kama tun da makonni. Uwar gidan, dattijuwa mai hannu kamar na maƙeri, ta tarbe mu da ƙananan kofuna biyu na wani abu fari-fari mai kumfa. Yaron ya yi saurin cewa, "Kawu, dakata." Federweißer ne, ruwan inabin da ya fara tsima, kamanninsa kamar kunun zaƙi da aka tsinka da ruwa, zaƙinsa kamar lemo, amma barasa ce, kuma kullum ƙara ƙarfi take yi a cikin kwalba. Wanda ba ya sha, kalmar da zai riƙe ita ce Traubensaft, wato tataccen ruwan inabi da aka dafa aka rufe kafin ya tsima. Da muka yi mata bayani ba ta ɓata rai ba, ta koma ta kawo kwalbarsa, Yuro 4, sanyi ƙalau. Kusan kowane gidan manomi yana da shi.

Abinci ma sai an buɗe ido. Abin da ake yayi a wannan lokaci wata waina ce ta albasa, Zwiebelkuchen, da wani siririn burodi da ake gasawa da kirim a kai, Flammkuchen, kuma duka biyun da gutsattsarin naman alade ake yin su sai in ka ce a cire. Kalmar ita ce Speck, in ka gan ta a takardar abinci ka wuce. Mu da kifi da dankali da ƙwai da cuku muka rayu a ƙauyen. In ana son nama sai a koma Cochem, tasha ɗaya, inda Turkawa ke sayar da döner, wato gasasshen nama cikin burodi, a lokacin a kan Yuro 7 zuwa 8. A can muka sayi ruwa da ayaba da burodi, domin ƙauyen ba shi da babban kanti kusa da tasha, kuma ranar Lahadi yawancin kantunan Jamus a rufe suke. Kusan kowace gorar roba akwai ajiyar santi 25 a kanta, in ka mayar a ba ka kuɗinka.

Washegari muka tashi da yayyafi. Na riga na ɗaura takalmi, maigidan ya leƙo ya girgiza kai. Dutsen nan ba irin na Kufena ko na Dala ba ne da ƙafa ke kamawa. Baƙi ne mai ɓarewa falle-falle, irin wanda ake yin allon makaranta da rufin ɗaki da shi, shekarunsa wajen miliyan 400, asalinsa laka ce ta ƙasan teku. In ya bushe yana riƙe takalmi, in ya jiƙe ya zama sabulu. Ya ce ko ruwa ya ɗauke a ba shi rabin yini ya sha iska. Muka haƙura, muka yi yinin a Cochem.

Rana ta uku gari ya yi wasai. A farkon Oktoba rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi, ta faɗi wajen bakwai na yamma, kuma da safe hazo kan kwanta a kan kogi har wajen tara ko goma. Ƙarfe tara da rabi muka fita. Kowa da jakar goyo, don hannu biyu duka za su yi aiki. A tawa akwai ruwa lita ɗaya da rabi, dabino, burodi da cuku, hula, rigar ruwa marar nauyi, filasta, da ƙaramar darduma. Lita ɗaya da rabi bai isa ba, zan zo kan wannan.

Mashigar hanyar hawan dutsen ba ta fi tafiyar minti biyar daga tasha ba, kusa da gadar jirgin ƙasa. Akwai allo da ke gargaɗi cewa hanyar ta masu ƙwarin ƙafa ce waɗanda ba sa jin jiri a bisa, da takalmi mai ƙarfi, kuma kowa da kansa ya ɗauki alhakin kansa. Ba a biyan ko sisi, ba mai gadi, ba mai rubuta suna. In wani abu ya faru lambar ita ce 112.

Sunan dutsen Calmont, tsakanin ƙauyen Bremm da Ediger-Eller. Tsayinsa mita 380 daga doron teku. In aka bi ta wannan lissafin, wanda ke zaune a tsakar gidansa a Kano ya fi mai tsaye a ƙololuwar Calmont bisa, tunda Kano ta haura mita 450. Amma kogin da ke gindinsa bai kai mita 100 ba, don haka abin da ƙafa za ta hau kusan mita 290 ne, kuma a miƙe. A wasu wuraren gangaren ya kai digiri 65. Tsanin da magini ke jinginawa a bango wajen digiri 70 zuwa 75 yake yi. To a irin wannan tsayuwa aka shuka inabi, shi ya sa ake kiran wurin gonar inabi mafi tsayuwa a Turai. Masana sun kasu kan sunan: wasu sun ce daga Latin ne, dutse mai zafi, wasu sun ce daga harshen Keltawa ne, tsoffin mazauna yankin, dutse mai tauri. Wanda ya hau da rana zai ba kowa gaskiyarsa.

Minti ashirin na farko hawa ne zalla, ana karkacewa hagu da dama har a kai wata rumfa a kan wani hancin dutse da ake kira Galgenlay. Nan ne numfashi ke fara gaya wa mutum gaskiya. Daga nan hanyar ta daina hawa, ta ratsa cikin dutsen a kwance kamar ɗamara, kilomita uku har Bremm. An buɗe ta ga jama'a a 2002, ƙungiyar masu hawan dutse ta Jamus reshen Koblenz ce ta kafa ƙarafunan tare da mutanen ƙauyukan. Tsani shida ne na ƙarfe, da igiyar waya mai kauri wajen mita 100 in an haɗa, da matakai na ƙarfe da aka kafe a jikin dutse, wasu lanƙwasassu kamar hannun bokiti, wasu turaku ne kawai da faɗinsu bai wuce tafin ƙafa ba.

Faɗin hanyar a yawancin wurare kamu biyu ne zuwa uku. Dama dutse, hagu sarari. Ba rami ne mai duhu ba, layukan inabi ne suke gangarawa har titin mota da kogi, amma ido in ya bi su sai ciki ya juya. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in ina tafiya in dubi inda zan sa ƙafa, in ina son kallo in tsaya cak, in dafa dutse, sannan in ɗaga kai. Hoto ma haka. Yawancin tuntuɓen da na gani a ranar na masu tafiya da waya a hannu ne.

A kan tsani ƙa'ida ɗaya ce: gaɓoɓi uku a riƙe, ɗaya na motsi. Mutum ɗaya a kan tsani a lokaci guda, na ƙasa ya matsa gefe saboda tsakuwar da na sama ke turowa. In saukowa ne a juya a fuskanci tsanin, kada a sauko kamar matakalar bene. Igiyar wayar riƙo ake yi, ba a rataya jiki a kanta, kuma a wasu wuraren zarenta ya tsinke yana tsini, safar hannu ta 'yan gini tana maganin wannan. Sandar dogarawa a nan kaya ce, sai a naɗe ta a soke a jaka. Ba a bukatar ɗamarar hawa ko hular kwano, na ga yara 'yan shekara takwas zuwa goma da iyayensu. Wani mutum ya zo da kare babba, a tsani na biyu suka tsaya suna kallon juna, daga baya suka juya.

Abin da ya fi tsani haɗari shi ne ɓaraguzan dutsen da ke kwance a kan hanya. Falle ne a kan falle, in ka taka gefe sai na sama ya zame a kan na ƙasa. Yaron ya zo da takalmin ƙwallo wanda ƙasansa ya suɗe, sau biyu yana zaman dole, na biyun ya yanke tafin hannu don gefen dutsen kaifi gare shi kamar fasasshen tangaran. Filastar nan ta yi rana. Takalmin da ya dace shi ne mai zurfin zane a ƙasa kamar tayar babur, mai kama idon sawu. A sa ƙafa gaba ɗaya, a taƙaita taku, kada a taka da ɗan yatsa.

Dutsen ba shafaffe ba ne, lungu-lungu ne kamar an kwashe da ludayi, tsakanin kowane lungu da na gaba akwai hancin dutse. Hanyar takan shiga lungu cikin inabi, ta fito ta haye hanci da tsani, ta sake faɗawa wani. Lungunan kudu suke fuskanta, iska ba ta shiga, baƙin dutsen yana shan rana yana mayarwa. A ƙauye da safe sai da na sa rigar sanyi, amma ƙarfe sha ɗaya a cikin lungu gumi nake yi kamar mai huɗa a watan Yuni. Na taɓa dutsen, ɗumi kamar bayan tanda. Wannan ɗumin shi ne sirrin noman gaba ɗaya. Yankin yana can arewa, wajen digiri 50, inda rana ke zuwa a karkace. A fili ba ta da ƙarfi, amma gangaren yana tarbarta gaba da gaba, dutsen ya adana zafin ya sake shi da dare, kogi kuma ya rage kaifin sanyi. Ƙadangaru ƙanana masu ruwan ƙasa sun cika katangun, suna jin taku su shige tsaga.

A lungu na uku muka tarar da masu tsinka, mutum bakwai, muka tsaya muka ba su hanya, tsayuwar da ta zama ta rabin awa. Ga yadda gonar take. Babu waya da aka ja kamar yadda masu inabin Kudan da Hunkuyi ke yi wa nasu rumfa. Kowane itace da turkensa guda, tsayin mutum, kamar yadda ake kafa wa doya, an lanƙwaso rassa biyu an ɗaure su ƙasa sun yi siffar zuciya. Dalili shi ne manomi ya iya ratsawa ta kowane gefe, tunda a nan ba a tafiya a layi, inda ƙafa ta samu nan ake bi. Irin da aka fi shukawa Riesling ne, 'ya'yansa ƙanana kamar kanya, kore mai ɗigon ruwan zinariya. Wata mata ta yanko mini nono guda da almakashi. Zaƙi da tsami a tare, fata mai kauri, ƙwallaye a ciki. Ba irin na ci ba ne da ake sayarwa a bakin titi. Wanda aka ba shi ya ci, amma kada baƙo ya miƙa hannu ya tsinka da kansa, gonar mutane ce.

Ƙasa a wurin kusan babu. Ɓaraguzan dutse ne, jijiyar itacen ke bin tsaga ta nutse mita da yawa neman ruwa. Abin da ke riƙe da gonar katangu ne na dutse da aka jera ba siminti ba laka, hawa-hawa, ruwan sama na bi ta tsakaninsu ya wuce ba tare da ya tura su ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Gwoza ko Sukur a duwatsun Mandara ya san wannan aikin, hannu ɗaya ne, sai dai can dawa da gero ake shukawa a kai. Kuma kamar can, abin da ruwa ya kwashe ya gangarar, mutum ne zai ɗauko ya mayar sama.

Mai gonar, mutum mai kimanin shekara sittin, ya ciro wani abu kamar guntun mabuɗin ido daga aljihu, ya matse ƙwayar inabi a kan gilashinsa, ya ɗaga wa rana, ya miƙo mini. A ciki akwai ma'auni da layi tsakanin haske da shuɗi. Da shi suke auna sukari, ma'aunin sunansa Oechsle, kuma shi ke faɗa musu ranar tsinka. Na tambaye shi ta bakin yaron nawa aikin ke ci. Ya ce hekta ɗaya a nan tana cin sama da awa dubu a shekara, ninkin abin da mai gonar fili da tarakta ke yi sau da yawa. Feshin magani jirgi mai saukar ungulu ke yi, yanzu kuma an fara da marar matuƙi. Masu tsinkar yawancinsu daga Romaniya da Poland suke zuwa, kamar 'yan ci-rani. Ya ce sanyin da ya sauko a ƙarshen Afrilun shekarar ya ƙone tohon inabi a wurare da yawa na yankin, amfanin ya ragu ƙwarai. Ya nuna mana lungun da ke gaba, wanda ƙaya da kurmi suka cinye: masu shi sun tsufa, 'ya'ya sun tafi birni.

Kowane mai tsinka da bokitinsa, in ya cika ya juye a wani dogon kwandon roba da ƙato ɗaya ke goye da shi, wanda in ya cika ya kai nauyin buhun siminti. Shi kuma ya ratsa gangaren da shi zuwa wurin jirgin gona. Wannan jirgin shi ya fi ba ni mamaki a duk tafiyar. Dogo ne guda ɗaya tak, ƙarfe mai kusurwa huɗu da haƙora a ƙasansa, an ɗora shi a kan ƙafafu ya miƙe daga titi har saman gona yana lanƙwasa yadda dutse ya lanƙwasa. A kansa akwai inji mai ƙarar janareta, kujera ɗaya, da akwatunan kaya a baya. Tafiyarsa ba ta fi ta mutum ba. Direban yana zaune, in an zo wurin tsayuwa sai ka ga bayansa ya koma ƙasa, ƙafafunsa na kallon sama. Monorack suke ce masa. A wurare biyu hanyarmu ta bi ta ƙarƙashin dogon, sai an sunkuya. Abin da mu muka sa takalmi na musamman muka zo yi don a ce mun yi, su hanyar gonarsu ce. Matar da ta ba ni inabi ta wuce mu a kan tsani da bokiti a hannu ɗaya.

Lokacin tsinka rina tana da yawa saboda zaƙi. In an buɗe abin sha a rufe, a duba bakin gora kafin a kurɓa.

Awa biyu da rabi muka yi kafin mu hango hasumiyar cocin Bremm a ƙasa. Kafin a gangara ƙauyen hanya ta rabu, allo ya nuna sama: Gipfelkreuz, gicciyen ƙololuwa. Wanda ya gaji ya sauka Bremm ya bi gefen kogi ya koma Eller, kilomita uku a shimfiɗe. Mu muka hau. Wannan ne wuri mafi wuya, ba tsani ba igiya, hawa ne kawai a karkace na minti arba'in, inabi ya ƙare aka shiga gajerun itatuwa. A nan ruwana ya ƙare. Babu famfo, babu rijiya, babu mai sayar da komai a duk tsawon hanyar. Akwai rumfar da ake sayar da abin sha a sama, amma a ƙarshen mako take buɗewa, mu kuwa ranar aiki muka zo. Lita biyu shi ne mafi ƙaranci ga mutum ɗaya, da rani uku, kuma mai niyyar alwala a sama ya ƙara rabin lita, ko ya riƙe alwalarsa tun daga masauki.

Sai ga fili, ga gicciye mai tsayin mita 12 da aka kafa don tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, ga benci, ga bakin dutse. Na matsa na leƙa.

Kogin ya taho daga dama, ya bugi gindin dutsen da muke kai, ya kasa wucewa, ya yi kwana kamar ƙugiya ya koma kusan inda ya fito. A tsakiyar kwanar wani harshen ƙasa ne mai laushi, shimfiɗe da inabi layi-layi kamar kitso. Bremm na ƙasan ƙafarmu, rufin gidajen duk baƙin dutsen nan ne, motoci kamar ƙwaro. Wani jirgin dakon kaya, dogo siriri, ya shigo kwanar a hankali, sai da ya yi kusan minti goma kafin ya gama juyawa, ƙarar injinsa na iso mu daga baya. Ruwan ba ya gudu kamar na kogin da muka sani da damina, a kwance yake, domin tun 1964 aka daddatse Mosel da ƙofofi don jirage su riƙa wucewa.

A kan harshen ƙasar akwai kango guda, bango huɗu da tagogi dogaye, babu rufi. Kufan gidan zuhudu ne na mata, Stuben, wanda aka kafa a 1137. Bangon da ake gani na cocin da aka gina tsakanin 1685 da 1687 ne. A 1208 wani jarumi, Heinrich von Ulmen, ya kawo musu wani akwatin zinariya da aka kwaso daga Kustantiniyya, Istanbul ta yanzu, lokacin da mayaƙan gicciye suka washe birnin a 1204. Akwatin yana garin Limburg na Jamus yanzu. Matan sun gudu da sojojin Faransa suka shigo a 1794, aka rufe gidan a 1802, mutane suka riƙa kwasar duwatsunsa suna gini.

Mun yi sallar azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru, a bayan wasu itatuwa nesa da bakin dutsen. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, wato kusan kana fuskantar kogin. Wasu tsofaffi biyu da suka zo a mota, don akwai hanyar mota ta baya har kusa da gicciyen, suka jira muka sallame sannan suka wuce, suka ce mana "Hallo". Daga gefen filin masu tashi da laima ke tsalle in iska ta yi daidai. Mun ga ɗaya ya shimfiɗa tasa, ya jira, ya nannaɗe ya tafi.

Komawa ta tudu muka bi, hanya mai faɗi cikin inuwar daji. Bayan kamar minti ashirin akwai wani ɗan ɗaki mai baranda kewaye, wurin bautar mutanen zamanin Rumawa da aka yi amfani da shi daga ƙarni na 2 zuwa na 4, an tono harsashinsa a 2005 aka sake ɗora gini a kai. Gaba kuma wani wurin leƙe ne, Vierseenblick, inda duwatsu ke yanka kogin gida huɗu sai ka rantse tafkuna ne. Na ƙarshe kafin gangara wani tsinin dutse ne da aka kafa wa tuta, sunansa Todesangst, wato tsoron mutuwa. Yaron ya ce, "Kawu, ko mu tsaya daga nan?" Muka tsaya daga nan. Ana ganin tashar Eller da gadar jirgi sarai ba sai an taka tsinin ba.

Gangarowar ta fi hawan cin jiki. Mita kusan 300 ake sauka a ɗan taƙi, gwiwa ke ɗaukar komai, yatsu na dukan gaban takalmi. A nan sandar ta fito daga jaka. Kafin a fara sauka a sake ɗaure igiyar takalmi tamau a wajen idon sawu, kuma a yanke farce tun daren jiya, in ba haka ba babban yatsa zai yi baƙi. Ƙarfe uku da kwata muka taka titi. Zagayen duka bai wuce kilomita takwas ba, amma ya ci mana kusan awa shida da tsaye-tsayenmu. Mai sauri zai yi a huɗu. In an bi ta cikin ciyawa a duba ƙafa da dare saboda kaska.

Uwar gidan ta ga hannun yaron, ta kawo maganin shafawa, ta kawo kwalbar Traubensaft biyu da kwanon wani jan abu mai kama da fatsa-fatsan tumatir. Wani ɗan itace ne da ake shukawa a gonakin da aka daina inabi, fatarsa toka-toka mai gashi, cikinsa ja kamar zoɓo, an dafa shi da sukari ana shafawa a burodi. Na sayi ƙaramar kwalba a Yuro 5 na sa cikin safa a tsakiyar akwati. Kwana uku, masauki da abinci da tikitin wata, abin da ya fita daga aljihuna ni kaɗai bai kai Yuro 300 ba. Da safe muka hau RB81 na ƙarfe takwas da wani abu, hazo ya rufe dutsen har rabi, amma ana jin ƙarar injin jirgin gona yana hawa a cikinsa.